Corollar da ke karkarwa a silo, kar ka taɓa sensa tukuna

Yarona na ga saƙonka. Ka ce Corolla 2006 ɗin da aka kawo tana karkarwa a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, musamman da safe, in an taka totur sai ta yi kamar zata mutu kafin ta ɗauka, ka sa sikana, na'urar binciken laifin mota, ta baka kod P0171, ka canza fulogi ka wanke nozul amma shiru, yanzu kana so ka ce wa mai motar ya sayo oksijin sensa. Dan Allah dakata, kar ka sa bawan Allah ya kashe kuɗinsa a kan abin da baka tabbatar ba.

P0171 bata ce sensa ta lalace ba, cewa ta yi iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, in iska ta wuce haka wutar bata kamawa da kyau, shi ne karkarwar nan da jinkirin da kake ji. Ita sensar ɗan aike ce, ta shinshina hayaƙin salansa ta kai wa birenbos, wato kwamfutar motar, labari, to baka kama ɗan aike da duka don ya kawo labarin da baka so. Tambayar da zaka yi wa kanka ɗaya ce, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya ko kuwa mai ne baya isowa?

Amsar tana cikin sikanar da ke hannunka, matsalar ku yaran yanzu kuna karanta kod ku goge ku ajiye na'ura, alhali ainihin aikin yana wajen bayanan da take nunawa injin na aiki. Ka shiga can ka nemo STFT da LTFT, wato yawan man da birenbos yake ƙarawa don ya cike gibi, a lissafin kashi cikin ɗari. Ka bar injin ya yi zafi, ka haɗa lambobin biyu a silo ka rubuta, sannan ka riƙe totur injin na juyi 2500 a minti ka sake rubutawa. Lafiyayyar mota tana yawo kusa da sifili, in ta haura +10 akwai magana. To in a silo ka ga +20 ko fiye amma da ka ɗaga zuwa 2500 ta sauko sosai, iska ce ke satar hanya, saboda a silo totur a rufe yake injin yana zuƙa da ƙarfi, ɗan tsagin da bai kai komai ba sai ya zama babba, da ka buɗe totur kuma iskar da ke bin hanya ta shanye shi. In kuwa a silo lambar ba laifi amma tana hawa in ka taka, ka koma wajen mai ko eyafulo, wato sensar da ke auna iskar da ke shiga injin.

Ni a yadda ka kwatanta, hankalina ya fi tafiya kan gasket ɗin manifol, wato robar da ke toshe mahaɗar bututun shigar iska da kan injin. Wannan injin 1ZZ na Corolla 2003 zuwa 2008 an san shi da wannan ciwon, manifol ɗinsa na roba ne, gasket ɗin in ya tsufa yana bushewa ya ƙanƙance da sanyi, shi ya sa da safe take tsananta, balle lokacin hunturu, in injin ya ɗau zafi sai ta ɗan lafa. Gobe da sassafe kafin kowa ya tayar da ita, ka tayar, ka ɗauki gwangwanin wankin kafireta kana fesawa kaɗan kaɗan a inda manifol ya haɗu da kan injin, idonka na kan STFT kunnenka na kan injin. Inda ka fesa silo ya canza ko lambar ta faɗi ƙasa, nan ne ɓarakar. Ka kiyaye, abin nan yana kama wuta, kar ka fesa kan salansa mai zafi ko kusa da kwayil, kuma abin kashe gobara ya kasance kusa da kai. Ka bi babban tiyon da ya taso daga iyakilina, wato matatar iska, zuwa totur ka lanƙwasa shi da hannu, yana tsagewa ta ƙasa cikin ninki inda ido baya gani, ka duba tiyon PCV, wanda ke kwaso tururin cikin injin zuwa manifol, da wanda ya tafi bustan birki.

Eyafulo kuma ƙurar garin nan ce ke kashe shi, ƙura ta kwanta a kan siririyar wayar sai ya ƙirga iska ƙasa da wadda ta shiga, birenbos ya bada mai kaɗan. Ka cire ka fesa masa maganin wankinsa ka bar shi ya bushe da kansa, banda fetur banda tsinke, kar yatsanka ya taɓa wayar. Ka ga iyakilinar ma, in ta huje ko an sa wadda bata zauna daidai ba gobe zai sake datti.

In duk wannan lafiya sai ka ɗaura geji a layin mai, motar nan tana son ƙarfin mai 44 zuwa 50 psi. In bai kai ba ka buɗe tanki, famfon da matatarsa a ciki suke, masu shan man bumburutu da masu yawo da tanki a ƙasa kullum su ne matatarsu ke toshewa. Sauraren kukan famfo ba gwaji bane, yana iya kuka kuma bai da ƙarfi. Ka kuma duba salansa daga kan injin zuwa oksijin sensa ta farko, in akwai huji a nan iskar waje na shiga ta ruɗi sensar.

Sai ka gama duk wannan zamu yi maganar sensa. Ka faɗa wa mai motar kar ya hau doguwar hanya da ita a haka, injin da mai bai ishe shi ba zafi yake yi a ciki har ya ƙona bawul. Gobe ka turo min lambobin, na silo da na 2500, da injin sanyi da kuma bayan ya yi zafi.