Amsa ga 'yar'uwar da ke tambayar gwajin gano asalin kansa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi ina karanta tambayarki gabana na faɗuwa, kamar labarin Innarmu kika rubuta: ƙullutu a wuya, an yanka an ce kansa ce, an yi sikanin ƙirji da ciki an rasa inda ta taso. Kin ce likita ya ambaci gwajin ƙwayoyin halitta da ake yi a waje, ko ku haɗa kuɗinsa saboda Baba.

Gwajin gaskiya ne. Kansar huhu ko ta hanji, duk inda ta bazu, tana tafe da shaidar gidansu. Sai a ciro RNA, wato saƙon da ƙwayoyin halitta na gado ke fitarwa in suna aiki, daga tsokar da aka yanka, a ga waɗanne ƙwayoyin halitta ke aiki, waɗanne suka yi shiru, a gwada da kansar da aka san asalinta. Akwai na Amurka, CancerTYPE ID, mai duba ƙwayoyin halitta guda 92.

Amma don Allah ku fara riƙe tsokar nan da kyau! Mu a nan aka cuce mu. Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin garin Sakkwato muka kai ta Inna. Mutumin ya karɓi kuɗi, ya bar kwalbar kan tebur cikin zafin bazara, fomalin ɗin, ruwan maganin da ke hana tsoka ruɓewa, ko rabin tsokar bai rufe ba. Kullum "ku dawo jibi". Da muka matsa sai ya ce ta lalace, ko haƙuri bai ba mu ba, yana ta latsa waya. Haka aka sake yanka tsohuwa, tana riƙe da hannuna tana cewa "me na yi musu?" Har yau in na bi ta layin nan raina ɓaci yake. Na bar shi da Allah.

Ki nemi bulok ɗin kakin da aka daskarar da tsokar ciki, da lambarsa, shi ake aikawa. Kafin nan a yi IHC, gwajin da ake rina tsokar a duba ta da madubin likita don gane irin kansar, ya fi sauƙin kuɗi kuma sau da yawa shi ke warware zancen. Ku tambaya a sashen duba tsoka na asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo.

Kuma ki tambayi likita ƙiri-ƙiri: in sakamako ya fito, zai canza maganin? Binciken Japan na 2019 bai nuna waɗanda aka yi wa magani bisa gwajin sun fi daɗewa a raye ba, na Sin a 2024 kuma ya nuna an ɗan jinkirta bazuwar cutar. Kada ku sayar da gona kuna jira, an dakatar da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa. Masu maganin gargajiya ma za su yi ta zuwa, dangi ne ke kawo su, ki daure.

Wane irin kansa takardar Baba ta ce, "squamous" ko "adeno"? In na farkon ne a wuya, a leƙa maƙogwaro da bayan hanci, don akan yi masa maganin kansar kai da wuya, har da gashin kansa da na'ura, kuma ana samun sauƙi sosai. Allah ya ba Baba lafiya.