Biotin da Gashi: Amsar Wasiƙun Wannan Mako

Wata mai jego daga Zariya ta ce wata huɗu da haihuwarta gashinta ke ta zuba, duk ta taje kai sai mataji ya cika. Ƙawarta ta ce ta sayi ƙwayar bitamin da ake kira biotin.

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Lokacin goyon ciki gashi yakan rage zuba, sai bayan haihuwa da kamar wata uku wanda ya taru ya zube gaba ɗaya. Yawanci kafin yaro ya cika shekara kai ya dawo daidai. Je asibiti a auna jininki, don ƙarancin jini na yawan samun masu jego, shi ma kuwa yana zubar da gashi. Ki kuma ce wa mai kitso ta sassauta hannu a gaban goshi.

Wani saurayi kuma yana tambaya ko biotin zai fito masa da gemu kafin Sallah. Malam, dubi haɓar mahaifinka da ta kawunnanka, amsarka na can.

Mai farcen da ke karyewa da ke tambaya ko biotin zai taimaka, ke kina da 'yar hujja. An yi wasu ƙananan gwaje-gwaje da biotin miligiram 2.5 kullum, farcen wasu ya yi ƙwari, sai dai mutanen kaɗan ne. Fara da rage jiƙa hannu cikin ruwan omo.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Biotin bitamin B7 ne, babban mutum na buƙatar maikirogiram 30 kacal a rana, yana kuma samunsa a gwaiduwar ƙwai, hanta, gyaɗa da dankalin Hausa. Wanda bai rasa shi ba, babu ƙwaƙƙwarar shaidar cewa ƙari zai tsawaita masa gashi ko ya gyara fata. Amma kwalaben da ake tallatawa a WhatsApp an rubuta musu maikirogiram 5,000 ko 10,000, rarar kuma fitsari ke tafiya da ita. Kuɗin cefanen mako guda ke nan a masai! Wannan ma idan na gaskiya ne. Na riƙe wata kwalba a hannuna, rubutun jikinta na gogewa da yatsa, babu lambar NAFDAC, an liƙa sabuwar takarda a kan ranar lalacewa.

Na gaskiyar ma yana da tasa illar. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi cewa yawan biotin na rikita sakamakon gwajin jini, har da na troponin da ake gano ciwon bugun zuciya da shi, da na maƙoƙo. Mutum na cikin haɗari takarda ta nuna lafiya lau. Duk mai sha, ya faɗa wa likita kafin a ɗebi jininsa, ya tafi da kwalbar a gani.