Amsa: Me ƙungiyoyin agajin Yahudawa ke yi wa mata?

'Yar'uwa, kin tambaya ko masu ba da agaji na Yahudawa a Amurka suna taimakon mata da gaske, ko suna ne kawai. Suna yi, kuma an daɗe ana yi.

Tun 1893 wata Bayahudiya mai suna Hannah Solomon ta kafa National Council of Jewish Women, wato majalisar matan Yahudawa ta ƙasa, a Shikago. Amma wadda ta fi dacewa da tambayarki ita ce Jewish Women International, wata ƙungiyar matan Yahudawa mai asali tun 1897. Sun gane cewa sau da yawa abin da ke riƙe mace a gidan da ake dukanta shi ne rashin abin hannu. Miji ya riƙe kuɗi, ina za ta nufa da 'ya'ya? Shi ya sa suke koya wa mata sarrafa kuɗi da tanadi, suna kuma kafa ɗakunan karatu na yara a gidajen da matan ke samun mafaka. Wannan na ƙarshen ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Tushen abin yana cikin addininsu. Malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya koyar cewa mafificiyar sadaka ita ce ka ba mutum rance ko sana'a har ya tsaya da ƙafarsa. Horar da 'yan mata shugabanci ma Jewish Women International tana yi.