Jif ɗin haibirid a titunan Bauchi: da gaske tana rage shan mai da rabi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Fadaman Mada cikin garin Bauchi. Motata Highlander ce ta 2014 mai silinda shida. Tun da aka cire tallafin mai, abin da take sha yake neman fin ƙarfin albashina. Wani dillali ya ce in sayar da ita in sayi haibirid, wai kuɗin mai zai ragu da rabi. Abokina kuma ya ce duk daɗin bakin 'yan talla ne, batirin ba ya jure zafin garinmu. Yawancin zirga-zirgata cikin gari ce, kai yara makaranta, ofis da kasuwa, sai kuma Jos sau biyu a wata don duba mahaifiyata. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya yi maka albarka da wannan zumunci. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin, masu manyan motoci suke ta wannan lissafi. Dillalin ya ƙara gishiri, abokinka kuma ya tsorata ka fiye da kima, amma kowannensu akwai inda ya taɓo gaskiya. Haibirid tana rage shan mai, wannan babu ja. Yawan ragin ne ya danganta da irin hanyar da kake bi kullum, da kuma lafiyar batirin motar da ta faɗo hannunka.

Jif ɗin haibirid irin ta Toyota da Lexus, waɗanda su aka fi gani a wajenmu, tana da injin fetur kamar kowace mota, ga kuma moto na lantarki da wani babban batir a ƙarƙashin kujerar baya. Ba a jona ta da wutar gida. Duk cajin da ke cikin batirin nan asalinsa fetur ɗin da ka zuba ne, kuma batirin shi kaɗai ba ya iya jan motar fiye da kilomita ɗaya ko biyu a hankali. Aikinsa tara ƙarfin da mota ke zubarwa a banza. A motarka ta yanzu, duk sanda ka taka burki, gudun da ka saya da fetur yana komawa zafi a jikin burkin ya bi iska. A haibirid kuwa, kana ɗaga ƙafa daga totur ko ka taɓa burki, moton sai ya koma janareto, ya rage gudun motar, ya mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir, kamar uwargidan da ke kafa randa ƙarƙashin indararo da damina. Da wannan cajin motar ke tashi idan hanya ta buɗe. Sannan idan ka tsaya, a shataletalen Wunti ne ko a cunkoson bakin kasuwar Muda Lawal ko a ƙofar makarantar yara, injin yana mutuwa da kansa, alhali naka mai silinda shida yana nan yana ƙona mai a tsaye. Shi kansa injin haibirid an tsara shi ne don tsimi, ba shi da kuzarin tashi sosai, moton ke cike masa gurbi.

Ka lura duk waɗannan dabaru na mai yawan tsayawa da tashi ne. Da zarar ka wuce shingen fita gari ka miƙe hanyar Jos da gudu ɗaya, babu burkin da za a tara, babu tsayuwar da inji zai huta. Injin ne ke ɗauke da motar, har da nauyin batirin a kai. Shi ya sa ribar take kankancewa a doguwar tafiya.

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, wato EPA, wadda ke tantance shan man motocin da ake sayarwa a can, sun nuna haka ƙarara. Su da mil da galan suke awo, na mayar maka da su lita a kowace kilomita 100. Highlander ta 2014 mai silinda shida da ke ja da ƙafa huɗu tana shan kusan lita 13.1 a cikin gari, 9.8 a babbar hanya. 'Yar'uwarta haibirid ta wannan shekarar tana shan 8.7 a gari, 8.4 a hanya. Ragin kashi ɗaya cikin uku ke nan a gari, a hanya kuwa wajen kashi 14 cikin 100 ne kawai. A RAV4 ta 2016 tazarar ta fi fitowa fili: mai fetur zalla lita 10.7 a gari, haibirid 6.9, amma a hanya 8.1 ne da 7.6, bambancin rabin lita kacal.

Mu ɗora wannan a kan rayuwarka. A ɗauka kana yin kilomita 800 a wata cikin gari. Bauchi zuwa Jos kusan kilomita 130 ne, zuwa da dawowa sau biyu ya ba mu 520. Da wancan awo, motarka za ta sha kusan lita 156 a wata. Highlander haibirid ta 2014 za ta sha 113, ka tsira da lita 43. RAV4 haibirid ta 2016 za ta sha wajen 95. Sai ka haura zuwa RAV4 haibirid ta 2020, mai shan lita 5.7 a gari da 6.2 a hanya, kafin lissafin ya sauko 78, wato rabin da dillali ke faɗa. To ka ga rabin nan yana samuwa ne idan an gwama tsohuwar babbar mota mai kujera layi uku da sabuwa ƙarama mai silinda huɗu, wadda kuɗinta ya yi nisa da na taka. Kaso mai tsoka na ribar daga ƙanƙantar motar ya fito.

Waɗancan alƙaluma kuma a ɗakin gwaji aka samo su, da mota sabuwa ful. Titin Bauchi zai ci nasa kason. Gudu ne kan gaba wajen cinye riba, domin turjiyar iska tana ƙaruwa ne ninki a kan ninki: daga gudun 100 zuwa 130, turjiyar iskar da motar ke fama da ita tana ƙaruwa da kusan kashi 70 cikin 100, jif kuwa ga tsayi ga faɗin gaba. Wanda ke taka 130 tsakanin Nabordo da Toro kada ya yi tsammanin ganin abin da aka rubuta a takarda. Ga kuma hawa. Bauchi tana kan tsayin mita 600 da 'yan kai daga teku, Jos kusan 1,200, don haka tafiya za ta fi dawowa shan mai. A gangarowa batirin zai cika da wuri tunda ƙarami ne, sauran ƙarfin ya tafi a banza. Idan za ka auna tafiyar Jos, haɗa zuwa da dawowa. Gajerun tafiye-tafiye ma suna da nasu: da safe injin sai ya yi ɗumi kafin kwamfutar motar ta yarda ta riƙa kashe shi, saboda haka tafiyar kilomita biyu zuwa masallaci ko shago ba ta nuna ƙwazon haibirid, musamman da sanyin hunturu. Tayar da iskarta ta yi ƙasa da kaya a kan kariya, waɗannan kowace mota suna ƙara mata sha. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, shi za ka nuna wa mai faci.

Maganar zafi da abokinka ya kawo ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Batirin ba ya son zafi, gaskiya ne. Idan ya ɗau zafi, kwamfuta tana rage yawan aikin da take ba shi don kare shi, sai injin ya riƙa tashi a kai a kai, mai ya tafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da iskar cikin mota ake sanyaya batirin. Akwai wata 'yar fanka da ke zuƙo iska ta wata kafa kusa da kujerar baya ta hura masa. Don haka mai kashe esi a watan Afrilu don tsimin mai yana gasa batirinsa ne, ribar da yake nema kuma ta zube ta wata hanyar. Kunna esinka. A waɗannan motoci kwampresonta da lantarki yake aiki, tana ci gaba da sanyi ko injin ya mutu, sai dai idan ka daɗe a tsaye injin zai riƙa tashi jefi-jefi ya ƙara caji. Ƙurar hunturu kuma tana toshe wannan kafa da fankar, haka ma jaka ko darduma da aka jingina a wurin. A riƙa dubawa ana sharewa, a kuma nemi inuwa wajen ajiye mota da rana. Ni a ganina rashin kula da wannan fanka ya fi zafin garin kansa kashe batir.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da sunan gyara, wadda ke ci mini tuwo a ƙwarya. An saba cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, daga motar da ta shigo daga waje a haɗa fankar lagireto ta riƙa juyawa ba tsayawa, wai don ƙasarmu da zafi. A haibirid wannan yana rusa tsarin gaba ɗaya, domin injin da bai kai zafin aikinsa ba yana shan mai fiye da ƙa'ida, kuma kwamfuta ba za ta bar shi ya huta yadda ya kamata ba. Haka motar da aka fasa salansarta aka kwashe indomi, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinta, ko na'urar da ke auna hayaƙinta ta lalace. Baƙin mai ma a zuba mara kauri irin wanda aka rubuta a murfin injin. Idan esi ta samu matsala, kada a bari mai gyara ya zuba wa kwampreson man da ake zuba wa sauran motoci, nata na musamman ne wanda lantarki ba ya bi ta cikinsa. Wayoyi masu ruwan lemo da za ka gani a cikin injin na babbar wuta ne mai iya kisa, ba na kowane riwaya ba ne.

Sai shekarun motar. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan a 1997, Highlander haibirid da Lexus RX 400h kuma sun fito a 2005, fasahar ta daɗe tana aiki har a ƙasashe masu zafi. Amma garantin batirin a Amurka shekara 8 ne ko mil 100,000, sai daga motocin 2020 aka ɗaga shi zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Batura da yawa suna wuce wannan wa'adi lafiya lau, sai dai 'yar Kwatano ta 2014 ta riga ta fita daga garanti, kai ne za ka ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya. Batirin da ya gaji ba lallai ya kunna fitilar gargaɗi nan take ba. Alamarsa ita ce ma'aunin caji a dashbod ya riƙa cika da sauri yana zubewa da sauri, injin ya ƙi yin shiru a tsaye, fankar baya ta riƙa ƙara. Irin wannan mota man da take sha yana komawa kusa da na mai fetur zalla, ga kuɗin batir yana jiranka. Kafin ka biya ko sisi, a sa mata kwamfutar bincike a ga ƙarfin kowane rukuni na batirin. Idan wani ya bambanta da sauran sosai, ko dillali ya hana a duba, ka haƙura da ita.

Kafin duk wannan, auna motarka ta yanzu. Cika tanki har famfo ya katse da kansa, mayar da ma'aunin tafiya sifili, yi harkokinka yadda ka saba, sannan ka koma gidan man nan da famfon nan ka sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100. Yi haka sau biyu ko uku, kada ka dogara da lambar dashbod kaɗai, takan yi wa mai mota daɗin baki. Idan ka samu tana shan abin da ya zarce lita 13 nesa ba kusa ba a cikin gari, wataƙila fulogi ne ko matatar iska ko tamostat ɗin da aka cire, kuma gyaran waɗannan bai kai kuɗin canjin mota ba.

Shawarata a kan halinka: tunda mafi yawan tuƙinka a gari ne, kana cikin waɗanda haibirid ke yi wa rana. Amma ka yi lissafin ciko. A ɗauka lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi. Lita 43 a wata naira 43,000 ke nan, kusan rabin miliyan a shekara. Idan cikon da za ka yi don komawa Highlander haibirid ta shekarar taka ya kai miliyan biyar, sai ka shekara goma kafin ka mayar da kuɗinka, batirin kuwa da wuya ya jira ka. Idan iyalinka za su shiga mota mai kujera biyar, RAV4 haibirid ta 2016 zuwa 2018 da aka tabbatar da lafiyar batirinta ta fi dacewa da kai, domin a lissafinmu tana rage maka wajen lita 60 a wata. Ka kuma tabbatar akwai bakaniken da ya san haibirid wanda za ka iya kaiwa gare shi, a nan Bauchi ko a Jos tunda hanyarka ce, tun kafin ka saki Highlander ɗinka.