Wa ke gadon kujerar shugaban jam'iyya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mataimaki ne ke hawa kai tsaye idan shugaba ya sauka. Jiya ma mun yi wannan gardamar a majalisarmu ta Agege. Riƙo daban, gado daban. A PDP, mataimakin da ya fito daga ɓangaren shugaban, Arewa ko Kudu, shi ke riƙon ƙwarya, kamar yadda Umar Damagum, mataimakin shugaba na Arewa, ya karɓa bayan dakatar da shugaban jam'iyyar Iyorchia Ayu a 2023. Amma kada ka ɗauki sashe ɗaya na kundin tsarin mulkin jam'iyya ka tsaya, ka karanta har da ikon babban taro. A 2017 Kotun Ƙoli ta tabbatar da kwamitin riƙo na Ahmed Makarfi a kan Ali Modu Sheriff, wanda ke da'awar shugabancin PDP, domin babban taron jam'iyyar na Fatakwal ne ya naɗa kwamitin. Wallahi abin da ke ci mini rai, kowane ɓangare sashen da ya yi masa daɗi kawai yake karantawa.