Kafin ka zuba fayilolin a rumbu

Ka tambaye ni me zai hana ka haɗe fayilolin awon zafin nan da `cat *.csv`, umarnin da ke jera su wuri ɗaya, ka zuba su a SQLite, manhajar rumbun bayanai, ka huta. Babu abin da zai hana, yarona. Kwamfuta ba za ta yi maka musu ba, kuma wannan shirun nata ne nake tsoro.

Kowane fayil yana da layin farko mai ɗauke da sunayen ginshiƙai, `cat` kuwa babu ruwansa da wannan. In fayilolin 200 ne, sai ka tsinci sunayen nan sau 199 a tsakiyar lambobi. Ka sa `awk 'FNR>1'`, shi yana tsallake layin farko na kowane fayil. Ni har `FILENAME`, wato sunan fayil, nake liƙawa a ƙarshen kowane layi, don ranar da wata lamba ta ba ni shakka in san gidan da ta fito.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen `.import`, umarnin zuba fayil a SQLite. In ka bar SQLite ya ƙirƙiri teburin da kansa, duk ginshiƙan `TEXT` zai mai da su, wato rubutu. Sai ka nemi zafi mafi girma ya miƙo maka 9, alhali ga 38 zaune a ciki, don a jerin rubutu harafin farko ake dubawa. Saboda haka ka gina teburin da hannunka tukuna: awo ya zama `REAL`, wato lamba, sunan tasha da lokacin awo su zama `PRIMARY KEY`, wato shaidar layi da ba ta maimaituwa. Ko ka manta ka zuba fayil ɗaya sau biyu, rumbun zai ƙi karɓa.

Ka buɗe wasu fayilolin da `head`, mai nuna layukan farko, ka duba da idonka. Na'urori da yawa -9999 suke rubutawa in awo bai samu ba. Ka mai da shi `NULL`, wato babu komai, in ba haka ba zai ja matsakaicin lissafinka ƙasa. Ma'auni ma ka tabbatar ɗaya ne. A 1999 NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter don wani ɓangare ya yi lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, ɗayan da na niyuton.

In ka gama, ƙirga. Jimlar layukan fayilolin da `wc -l` ya ƙirga, ka debe yawan fayilolin, dole ta yi daidai da yawan layukan teburin da `SELECT COUNT(*)` ya ba ka. Fayilolin asali kuma kada ka taɓa su, sa musu `chmod -w` don hana rubutu a kansu. Fara da fayil uku, ka kawo mini lambobin biyu gobe da safe.