Amsa ga mai tambaya kan agogon mahaifinsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan Baba. Ka ce ka gaji Omega Seamaster ɗinsa na shekarun 1960, ya tsaya cak, kana shawarar ko ka aika wa kamfani a Suwizalan ko ka ba masu gyara a nan Kaduna.

Da farko dai ka daina girgiza shi, ka daina murɗa kansa don ya tashi. Man cikinsa ya bushe tuntuni, ga ƙurar hunturu, duk juyin da ya yi ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Ni abin ya taɓa cina. Seiko 5 da mahaifina ya zo da shi daga Makka na ba wani mai gyara a bakin titi. Bayan kwana biyu ya miƙo min yana aiki, har ina godiya. Sai a gida na lura hannun daƙiƙa yana tsalle ɗaya-ɗaya, ba ya tafiyar nan tasa mai santsi. Ashe ya cire injin ya sa mai batir. Da na koma, ya ce ai ya yar. Har yau abin yana min ciwo.

Daga baya na samu wani dattijo a Tudun Wada, shi ke duba sauran agogunana. Sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala gilashi a ido, ya warware injin gaba ɗaya, ya wanke kowane ɗan ƙarfe, sannan ya ɗiga mai da tsinken da bai kai allura kauri ba. Irinsu sun yi ƙaranci, amma akwai. Tambayi mutum yadda zai wanke. In ya ce zai tsoma injin a fetur yadda yake, karɓi kayanka.

Kamfani kuwa suna da kayan asali, kuma Omega na ba da garantin shekara 2 kan aikinsu. Sai dai kuɗin waje za ka biya, ka jira watanni, ga fargabar hanya. Abin da ya fi damuna, su burinsu agogo ya koma sabo: suna iya canja fuska da hannaye, su goge jikin har ƙujewar da ya samu a hannun Baba ta ɓace. To me ka gada ke nan?

Shawarata, kai wa dattijo ya buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton injin da lambar da ke jikinsa. In wanki da mai kawai yake so, a yi a nan. In wani abu ya karye, nan ne Omega ya bambanta da Seiko, domin kamfanin Swatch da ya mallake shi ya taƙaita sayar wa masu gyara na waje kayan gyara. In haka ne sai ka aika wa kamfani, amma ka rubuta musu ƙarara: kada a taɓa fuska, kada a goge jiki, a dawo maka da duk abin da aka cire.

Turo mana hoton fuskar da bayan agogon mu gani tukuna.